Tutar Madawaki a Ƙofarmu

Ranar Talata ce, cikin sanyin Dubai, shekara guda kafin korona. Na tashi da asuba kamar kullum. Na dafa wa Alhaji shayi da citta, na soya masa ƙwai. A tsaye ya ci. Motar da ke kwasarsu zuwa Jebel Ali ba ta jiran kowa, kuma ranar akwai kwantenar wasu 'yan Kano da za a rufe. Yana ɗaure takalmi ya dubi cikina ya ce, "Ki gaya wa baƙuwarmu kada ta sake ta iso ba na nan." Na ce ya tafi ya ba mutane wuri, da sauran wata biyu. Ya fita yana dariya.

Cikin wata bakwai ne. Shekara tara ina gidan miji, ban taɓa riƙe ciki ya wuce wata uku ba sai wannan. Shi ya sa Alhaji ya yi wa Inna, mahaifiyata, biza ta taho daga Gwarzo. Ta zo da kanwa da garin kunu da busasshen ganyen darbejiya na wankan jego. Ta ce ba ta yarda da jegon ƙasar da ba a hura itace ba.

A International City muke zaune lokacin, hawa na uku, bayan babbar kasuwar 'yan China. Ni ba mai fita ba ce. Ban yi nisa a boko ba, Turancina bai wuce na sayen tumatir ba. Amma Allah ya ba ni kunne, zaman ɗaki kuma ya ƙara wasa shi. Na san tafiyar kowa a barandarmu. Na san silifas ɗin 'yar Filifin ta ƙarshen layi, na san tarin mai shara.

Bayan fitar Alhaji kaɗan, ina wanke kofi, na ji an buɗe ƙofar da ke kallon tamu. A hankali aka buɗe ta. Tayar akwati ta gunguro kaɗan, sai ta yi shiru, kamar an ɗaga akwatin an rungume. Mutum biyu suka bi matakala. Ba su taɓa lif ba. Na ce a raina, yau Baba Shadda ya yi sammako. Na ci gaba da wanke kofina.

Baba Shadda tsoho ne ɗan China. Ya daɗe a Kano yana kai shadda Kwari, can aka raɗa masa sunan. Hausa a bakinsa kamar ɗan Fagge, sai dai harshensa ba ya iya furta "ra", Amalya yake ce min maimakon Amarya. Matarsa ta mutu 'yan watanni kafin zuwan Inna. Tun daga nan yake barin ƙofarsa a buɗe da rana, ya zauna da butar shayinsa yana neman wanda zai yi wa surutu. Ni kuma ba a roƙona hira. Tuwon da na kai masa ya fi a ƙirga. Shi ma ya ba ni wani mai na shafa wa ƙafa lokacin da ta kumbura. Na faɗa ne don kada a ce na manta.

Labarinsa guda ɗaya ne, na kakan kakanninsu. Wai a zamanin da can, gadon babban sarkin ƙasarsu ya karye, duk hakimin da ke da dawaki ya naɗa wa kansa sarauta. Kakan nasu ɗan babban gida ne, tun gemu bai fito masa ba aka ba shi runduna. "Madawaki ne, irin naku," in ji Baba. Da yarensu janjun suke cewa. Ya sha maimaita kalmar har ta zauna min a kai.

Ubangidan Madawakin na farko, ɗan riƙonsa ne ya yanka shi a wajen liyafa. Madawaki ya wayi gari ya yi wa ɗan riƙon mubaya'a, ya ci masa garuruwa. Da ya ga ƙarfin wannan ya fara ja da baya, sai ya buɗe wa wani sarki na uku ƙofar birni. Na ukun ya ba shi 'yarsa, ya ba shi bakin wani babban kogi ya tsare. A ƙarshe shi ma ya ji tsoronsa, ya aika masa kyautar farin siliki. A wurinsu ma'anar wannan kyautar, ka rataye kanka. Ya rataye. Baba ya ce ko mutuwarsa ta girma ce.

Inna tana tsinkar zogale a bakin ƙofarmu ta ce, "Tsoho, wannan kakan naka ba jarumi ba ne, kaska ne. Duk saniyar da ta fi jini, can yake."

Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Hajiya Babba, ba ki ji na tuta ba."

Na tutar shi ne wanda ya fi so. Wai an taɓa ritsa Madawakin a bakin kogi, abokan gaba sun fi shi yawa. Sai ya sa aka ɗauki tutarsa mai sunan gidansu aka kafa a ƙofar wani ƙauyen manoma. Abokan gaba suka hango tuta suka faɗa wa ƙauyen. Kafin su gane, ya haye kogi da mutanensa, ko doki ɗaya bai rasa ba.

Na ce, "To mutanen ƙauyen fa, Baba?"

Ya ɗaga kafaɗa. Ya ce, "Amalya, wannan ba a rubuta ba."

Yana da ɗa guda, suna zaune tare. Shi ma janjun yaransa ke ce masa, 'yan Kano kuma su ce Janar. A rumbunan kaya na bayan kasuwa yake aiki. Alhaji ya ce sau biyu yana barin ubangida ya koma wurin wani, kuma duk tafiya sai ya kwashe masu dako da masu ciniki ya tafi da su. Bai taɓa gaishe ni ba. Yana shan taba a lif, yana ganin cikina.

Mako guda kafin ranar, sabuwar shekararsu ta kama. Duk unguwar ta yi ja. Baba ya ƙwanƙwasa mana da jajayen takardu uku da kwalbar gam. Ya ce kowace shekara shi yake rubutawa da hannunsa ya liƙa a ƙofarsa. Bana hannu ya saba, ya riga ya rubuta, sai ya tuna gidan da aka yi mutuwa ba ya liƙa ja. Ya ce kada albarkar ta tafi a banza, bari ya liƙa a tamu. Dogayen biyun na cewa lafiya ga mai shiga, lafiya ga mai fita. Na tambaye shi ta tsakiyar, mai babban baƙi guda ɗaya. Ya ce wannan ado ne.

Inna ta ce, "Mu da muke da Ayatul Kursiyyu a saman ƙofa, me za mu yi da layar wasu?"

Alhaji ya ce, "Inna, takarda ce kawai. Maƙwabci ne, kuma yana cikin rashi. Kwana nawa ne a cire."

Baba ya liƙa da kansa. Ta tsakiyar ta rufe 'yar hudar da nake leƙen baranda. Ƙofarsa ta zauna fara fes, ba komai a jikinta.

Mu koma ranar Talata.

Ƙarfe goma ta ɗan gota. Maza duk sun tafi aiki. Inna na ɗaki tana walaha. Ni ina falo ina ninke kayan jariri da na wanke, na wanke su ne kawai don in taɓa su. Na ji lif ya tsaya a hawanmu. Ƙafafu suka fito, da yawa, masu nauyi, babu wanda na sani a ciki. Ba sa magana. Wani ƙarfe ya goga da tayil, aka ɗaga shi da sauri. Suka wuce ƙofar farko. Suka wuce ta biyu. Suka tsaya a tamu.

Aka buga da tafin hannu. Aka sake bugawa. Wata murya ta yi magana da yarensu, a hankali, kamar mai lallashi. Ban ji komai ba sai kalma ɗaya. Janjun.

Na miƙe na je bakin ƙofa. Na sa ido a hudar, ja kawai na gani. Sai na juya na kanga kunnena a jikin katakon. Ina shirin buɗe baki in ce ba nan ba ne, ƙofar can ce.

Ban ji zafin ba da farko. Ƙara na ji, kamar an sako buhun siminti daga sama. Ƙofar ta taho gaba ɗaya da makullinta. Mariƙin ya same ni a ciki, ta gefen dama. Na faɗi da baya a kan tayil.

Su huɗu ne. Sun rufe hanci da baki. Uku da bututun ƙarfe, ɗaya da faffaɗar wuƙa irin ta mahauta. Na gaban ya dube ni. Ya dubi cikina, ya dubi baƙar fatata, ya waiwaya ya dubi jar takardar. Na ga idonsa. Ya san ba mu ba ne. Ya tsallake ni ya shiga.

"Sit. Sit down."

Ina kwance yake ce min in zauna.

Wayata na kan kujera, ta fara ƙara. Na san Alhaji ne, lokacin kiransa ke nan. Ɗayansu ya jefar da ita ƙasa ya sa dunduniya. Inna ta fito da carbi a hannu. Ba ta yi ihu ba. Ta nufo inda nake. Wani ya tare ta, ta ture shi, ya ɗaga bututun. Ta kare da hannun hagu. Na ji ƙashin. Kamar an karya busasshen karan dawa.

Suka birkice ɗaki. Suka tsaga katifa, suka faɗo da kabad, suka leƙa banɗaki da bayan labule. Buhun Inna suka farke. Kanwa ta watse a falo, suna taka ta tana ƙaras ƙaras a ƙarƙashin takalmansu. Na wuƙar ya tsaya a kaina.

"Janjun. Where."

Na ɗaga yatsa na nuna ƙofar da ke kallonmu.

Bugu biyu suka yi mata ta buɗe. Na ji suna zagayawa a ciki. Babu kukan kowa, babu muryar tsoho. Ɗakin wayam. A nan na tuna tayar akwatin nan ta asuba. Wani ya yi ashar da yarensu, ashar ba ta buƙatar tafinta. Aka fasa gilashi. Sai warin fetur. Sai wani sauti kamar an kaɗa babban zane. Ƙafafun suka bi matakala a guje. Ƙararrawar gobara ta kama.

Inna ta ce, "Tashi."

Na ce ba zan iya ba.

Ta ce, "Tashi, Uwani."

Na tashi. Zanena ya jiƙe, ban duba da me ba. Na jawo hijabi ɗaya a bayan kujera na zura. Ba takalmi. Hayaƙi ya riga ya cika rufin barandar, baƙi, yana saukowa. Takardun ƙofarmu sun fara nannaɗewa don zafi. 'Yar Filifin ɗin nan ta wuce mu da kyanwarta a hannu, ta dube mu, ta ƙara sauri. Lif ya mutu. Muka bi matakala. Inna ta rungume karyayyen hannunta a ƙirji, ɗayan ta riƙe ni. Ina saka ƙafa ina sauraren cikina. Tun asuba baƙuwar tamu take motsi, har Alhaji ya yi mata magana. A hawa na biyu ta shure ni sau ɗaya, da ƙarfi. Na ce alhamdu lillahi.

A ƙasa, ta gilashin babbar ƙofa, na hango wata farar mota injinta a kunne. Ɗayansu na tsaye a gefenta, ya sauke ƙyallen fuskarsa yana waya. Ba su tafi ba. Ko jiran Janar suke, ko mu da muka gan su, ban sani ba. Na ja Inna muka juya. Muka bi ta ɗakin shara muka fita ta baya.

Ginin unguwar nan duk kamarsu ɗaya. Shekara uku ina ciki, hanya ɗaya na sani, ta kasuwa. Can muka nufa. Akwai fili na yashi da tsakuwa, sannan titi. Tsakuwar ta yanka min ƙafa. Motoci na ta ham. Wani direba ya rage gudu, ya leƙo, ya tafi. A bayanmu na fara jin jiniya, nesa. Inna ta ce mu koma, hukuma ce. Na ce farar motar na tsakaninmu da su. Muka ci gaba.

Muka shiga kasuwar ta ƙofar gefe. Wallahi da na san abin da zan tarar da na tsaya a rana. Ja ko'ina. Jajayen fitilu a rufi, jajayen takardu a kowane shago, dogaye biyu da ta tsakiya, irin na ƙofarmu. Ana kiɗan shekara a lasifika. Kowace fuska na duba, fuskar mai wuƙar nake gani. Wata mai sayar da jakunkuna ta ga sawun jinin da nake bari a tayil, ta ja tabarmar bakin shagonta ciki. Wani ya ɗaga waya yana ɗaukarmu. Ba wanda ya ce mana ci kanku. Na san a cikinsu akwai mutanen kirki. Ranar ban gan su ba.

Na riƙa kasa kunne ko zan ji Hausa. Kullum kasuwar nan cike take da 'yan Kano. Ranar babu. Muka ratsa ta har ƙofar da tasi ke tsayawa.

Na farko ya ga zanena ya kulle ƙofa. Na biyu ya ce, "La, la," ya ja gaba. Na ukun dattijo ne ɗan Pakistan, gemunsa da lalle. Inna ta tsaya a gaban motarsa, ta saki karyayyen hannun ya yi lilo. Ya fito ya buɗe mana baya.

"Yalla, mama, yalla."

Na ce masa Murakkabat. Shi ne kaɗai sunan da ya zo bakina, can aminin Alhaji yake zaune da iyalinsa. Ya ja mota. Ya dube ni ta madubi, ya waiwaya ya dubi kujerar. Ya sauya hanya, ya danna ham bai saki ba. Inna na karanta duk abin da ta haddace. Ni na dafa cikina da hannu biyu. Na ce mata ta motsa. Na ce babanki ya ce kada ki iso ba ya nan. Ta ɗan juya, kaɗan, kamar mai gyara kwanciya.

Ana kiran azahar muka isa asibiti. Direban ne ya karɓi lambar Alhaji a bakina ya kira shi. Bai karɓi kuɗin mota ba. Ban san sunansa ba.

Suka yi min allura a baya, suka kanga min koren ƙyalle a ƙirji. Ban ga komai ba, amma ina ji. Na ji ƙarafa a faranti. Na ji suna magana da sauri. Na ji an ja wani abu daga jikina. Sai shiru. A cikin shirun na ji ta. Sau ɗaya, siriri, bai kai kukan ɗan kyanwa ba. Suka ruga da ita.

Alhaji ya iso bayan la'asar, Jebel Ali da nisa. Ya shigo da rigar aiki. Ya tsaya a gefen gado bai zauna ba. Daga yadda yake numfashi na gane.

Da yamma ya dawo da wani malami ɗan Kano da ke limanci a Deira. Malamin ya tsaya daga bakin ƙofa ya yi min gaisuwa. Ya ce yana so ya san abu ɗaya. In ta yi kuka, za a raɗa mata suna, a yi mata wanka da salla. In ba ta yi ba, a naɗe ta a binne. Alhaji ya ce ya tambayi ma'aikatan, ɗaya ta ce ba ta tabbata ba, ɗaya ta ce hankalinta na kan jini.

Na ce ta yi.

Malam ya ce, "Hajiya, kin tabbata? Kina cikin magani."

Inna na zaune da hannu a filasta. Ta ce, "Malam, in yarinyar nan ta ce ta ji, ta ji."

'Yan sanda sun zo da tafinta, wata yarinya 'yar China mai ladabi. Sun kama uku. Tsohon ubangidan Janar ne ya turo su. Ba su san lambar ɗakin ba, an dai ce musu hawa na uku, su nemi ƙofar da ke da sunan gidan. Suka nuna min hoton ƙofarmu, rabinta ya ƙone. Na sa yatsa a kan ta tsakiyar, na ce ta karanta min adon. Ta ce ba ado ba ne, sunan zuri'a ne. Na ce gaskiya ne gidan mutuwa ba ya liƙa ja? Ta ce gaskiya ne, kakarta ma haka ta yi. Baba Shadda da ɗansa kuwa sun hau jirgi tun da safe, kafin a buga mana ƙofa.

Alhaji har yau yana cewa wataƙila tsohon bai nufa ba, wataƙila ɗan ne ya tashe shi da asuba ya ce su tafi. Ni ba na musu da shi. Na dai san tsohon ya wuce ta gaban ƙofar nan da akwati a rungume, don kada in ji. Hannu ɗaya ya isa ya yage takarda.

Ban sake taka International City ba. A Murakkabat muka kama ɗaki, cikin gidan haɗaka da wasu iyali biyu. Alhaji ya je ya kwaso abin da wuta da ruwa suka bari. Tukunya biyu, Alƙur'anina, da ledar ganyen darbejiya da ta faɗa bayan firji. Hannun Inna ya haɗe a karkace, ba ta iya ɗaura ɗankwali sai an taya ta. Duk da haka da hannu ɗaya ta yi min wankan jego, kwana arba'in, a banɗakin mutane, da ruwan hita. Nono ya zo ya tafi. Likita ta ce mahaifar ba za ta sake ɗauka ba.

Maza bakwai ne suka yi wa jaririyar salla. Alhaji ya sa mata sunan Inna, Hauwa'u. Ya kawo min takardar binnewa, ban iya karanta Larabcin ba, na ce ya nuna min inda sunan yake. Ya nuna. An rubuta.